Fuskokin Unguwar Kwari

A wani daji akwai gari mai unguwa biyu: Tudu, ta masu zanen fata irin su Damisa, da Kwari, ta masu baƙin gashi, waɗanda ba a bari su sha ruwan tafki sai an gama dagula shi. A Kwari tsohuwar gafiya Tambai take, cikin ramin da kakanta ya haƙa.

Rannan sai ga Ƙungiyar Zane Don Adalci ta sauko da tukwanen shuni da jar ƙasa. Shugabarta Hawainiya ce. Tun daga gangare ta fara duhu, kafin ta iso ta fi kowa baƙi.

Ta hau kututture ta ce, "'Yan uwana, an daɗe ana yi kamar ba kwa nan. Za mu zana fuskar kowa a ƙofar raminsa, duniya ta gan ku, kunya ta kama masu raina ku."

Tambai ta ce, "'Yar nan, kin tambaya? A garin nan ba a zana mai rai. Sai wanda ya mutu ake sa wa fuska a ƙofa, don a san ramin ya zama na kowa."

"Haba Inna, wannan ai camfi ne."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Aka tafa wa karin maganar, har wani ya ce a rubuta ta a bango. Aka zaunar da Tambai, aka ce kada ta motsa. Zanen ya yi kyau, ba ƙarya. Duk inda ta juya idanunsa na bin ta.

'Yan Tudu suka sauko kallo. Wasu har da hawaye. Suka tsaya gaban hoton Tambai suna cewa Allah ya jiƙanta, tana tsugune a gefensu. Ta yi tari. Ba wanda ya waiwayo.

Kwari ta fara yin shiru. Yau a ga ramin Bushiya da sabon labule, gobe na Jaba. Da Tambai ta dawo daga kiwo ta iske ƙanin Damisa yana faɗaɗa ƙofarta, yana kaffa-kaffa kada ya taɓa zanen.

Ta kai ƙara gaban alƙali Dila. Ya saurare ta tsaf, ya ce, "Baiwar Allah, al'adar garin nan ba ni na yi ta ba. Mai ramin nan ta rasu, ga shaida a bango. Ke dai kin yi kama da ita, kuma muna yi miki ta'aziyya."

Tambai ta nemi Hawainiya ta zo ta yi shaida. Aka ce tana Tudu ana karrama ta, jikinta duk roɗi-roɗi.

Har yau ana kai baƙi Kwari su ga yadda masu zanen fata da baƙaƙe suke zaune ƙofa ɗaya. Kuma gaskiya ne, ba a taɓa jin baƙaƙen da ke jikin bango sun yi ƙorafi ba.