Malt da Madarar da Na Ɗura wa Inna

Ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar da na je asibitin garinmu da niyyar yi wa ma'aikaciyar jinya faɗa. Ni malamin kimiyya ne a sakandare (ku riƙe wannan, nan abin kunyar yake), kuma a gidanmu ko ciwon kai aka yi ni ake tambaya.

Mahaifiyata, Inna, gyambo ya fito mata a saman idon sawu, irin wanda ke biyo bayan kumburin jijiyoyin ƙafa. Wata biyar ana wankewa ana naɗewa, amma sai ƙara faɗi yake, har an fara maganar tura mu Kano kada a rasa ƙafar. Tun farko ma'aikatan asibitin sun ce a gwada mata suga, na ce babu buƙata, kaf zuriyarmu babu mai shi. Da na ga tana ramewa sai na yanke hukuncin ƙarancin jini ne. Safe da yamma nake haɗa mata malt da madarar gwangwani, in tsiyaya zuma a kunu, in tsaya a kanta sai ta shanye.

Ran nan a gaban layin mata na buɗe murya. Na ce ba su iya aiki ba, na ce bandejinsu ne ba shi da kyau (har da ɗan Turancina na yayyafa). Ma'aikaciyar ta rusuna ta gaishe ni, ta soki yatsar Inna, ta duba na'urar gwajin suga, sannan ta tambaye ta me take ci.

"Ai Malam ba ya wasa da ni, 'yar nan," in ji Inna cike da alfahari. Ta shiga lissafawa, ba ta bar ko dabinon da nake tura mata ƙarƙashin matashi ba. Ina yi mata ido, ita kuwa ta ɗauka so nake ta ƙara yabona.

Ma'aikaciyar ta ce sugan ya hau sosai, shi ke hana naman haɗuwa. Sai ta sassauta murya, amma duk layin ya ji.

"Malam, ba ka gane ni ba ko? Ajinka na yi. Kai ka rubuta mana a allo cewa ciwon mai suga ba ya saurin warkewa. Har bulala ka yi min da na manta."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata tsohuwa a layin ta ce, "Allah sarki, Malam," kuma wannan tausayin ya fi min zagi ciwo.

An ɗora Inna a kan magani, an canza mata cima, cikin wata uku gyambon ya rufe. Har yau ba ta ce laifina ba ne, cewa kawai take tana kewar malt ɗinta.

Ni kuwa duk shekara idan na zo wannan darasin, sai in rubuta shi a allo, in koma bencin baya in karanta shi kafin yara su kwafa.