Ranar da Na Saka wa Baba Infoma a Gida

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da wata Talata a ƙaramin asibitin Safana ba. Lokacin ina ɗalibin kiwon lafiya, an turo ni koyon aiki, kaina ya kumbura da Turancin wata shida (wanda rabinsa ban san ma'anarsa ba). Hajiya, shugabar asibitin, ta ce in yi wa masu jiran layi jawabi. Ita ce za ta sa hannu a takardata, don haka na ƙudura sai na burge ta.

Na hango wani dattijo daga Runka da ƙuraje a leɓe, irin waɗanda mutane ke cewa zazzaɓi ne ya fita. Maimakon in bar bawan Allah da ciwonsa, sai na mai da shi allon darasi.

"Baba, wannan ƙwayar cuta ce, hafis. Ɓoyewa take a jijiya, sai jiki ya yi rauni ta fito. In ta shiga ƙwayar halitta guda, sai wannan ta aika wa maƙwabtanta su rufe ƙofa. Mai kai saƙon shi ne intafiron." Na gyara kwalar riga. "Kai ma kana da su, Baba. Su ke kai rahoto a ɓoye."

Kowa ya zuba mana ido. Na ɗauka ilimina ne ya ratsa su, sakarai kawai.

Baba ya miƙe, ashe shi infoma kunnensa ya ji. "Yaro, ni ke da infoma? Ni da aka kore wa shanu bara?" Mutumin da ke kusa da shi har ya fara matsawa gefe. Sai lokacin na tuna cewa a yankinmu wannan kalma ta infoma, mai kai wa ɓarayin daji rahoto, kan sa a ƙone wa mutum gida.

Hajiya ce ta fito. "Baba, yi haƙuri. Yana nufin irin wanda zai bugo maka waya daga Ruma ya ce ku kulle gida, ga ɓarayi nan tafe."

"To ya ce mai gargaɗi mana," in ji Baba. "Hausar ta ƙare ne?"

Hajiya ta sa na durƙusa a gaban layi na ba shi haƙuri, na maimaita bayanin sau uku don kada maganar ta bi shi gida. Takardata kuwa sai bayan mako biyu ta taɓa ta.

Tun daga ranar, duk kalmar da ba zan iya faɗa wa kakata ta gane ba, a cikin littafi nake barin ta.