Rasuwar Amarya, Motar Malam Maiwada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Maiwada direba, na garin Gaya, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar a-kori-kurarsa, wadda kowa ya fi sani da Amarya. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan hanyar Ajingi, ɗauke da buhun gero goma sha ɗaya da akuya guda. Ta zo Gaya a 1968, ta bar mu a wannan kaka ta 1976, kuma har ta tafi ba a daina kiranta Amarya ba, duk da cewa ƙofarta ta hagu da igiya ake ɗaure ta.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta taɓa cewa kaya sun yi yawa ba. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta ɗauko gyaɗa daga Balan ta cikin yashin da manyan motoci ke tsoro, a shekarar fari kuma ita ta yi ta jigilar hatsi daga Kano. Kullum da safe sai ta yi tari biyu, kuf-kuf, kafin ta tashi, unguwa ta san gari ya waye.

Game da jinyarta, Maiwada ya ce a rubuta yadda abin yake. Tun ranar da ya saye ta, Kabo makanike ya nuna masa wani rami a gefen giyabos, wato akwatin giya, ya gaya masa cikinta mai ne kusan kwalba biyu, a zuba har man ya leƙo bakin ramin, a juye tsohon a sa sabo duk bayan kaka. Shekara bakwai bai saɓa ba. Da bazarar bana sai ta fara yoyo, man giyabos kuwa sai an je Kano. Wata ranar kasuwa fasinja sun cika bodi, ya duba ya ga rami a bushe, sai ya faɗa ɗakin matarsa Barira, mai sana'ar ƙuli-ƙuli, ya ɗauko man gyaɗa kwalba biyu. A ganinsa mai dai mai ne, wannan ma har ci ake yi. Mafi kyau ya zaɓa, don ba ya ba Amarya na baya.

Giya ta shiga sumul, mota ta riƙa ƙanshin suya, fasinja suna yabawa. Shi ke nan ya mai da abin na duk wata. Barira kuwa da ta ga mai yana ɓacewa, sai ta ɗora zargi a kan Hanne, ƙawarta tun suna 'yan mata, wadda ke taya ta matsar man. Wata takwas ke nan ba sa ga-maciji, Maiwada yana gani, bai fito ya ce shi ne ba.

Da damina marigayiyar ta fara kuka, wiii, in an sa ta a giya ta uku. Daga baya ta koma gurnani. Ranar Talata ta ce ƙaras sau ɗaya, ba ta sake cewa komai ba. Maiwada bai yi kuka ba. Ya sauke geron, ya kwance akuyar, ya zauna a bakin hanya da makulli a hannu har aka zo da shanu aka ja motar gida. Har yau in an ba shi abinci yana ci, in an yi masa gaisuwa yana amsawa, amma bai san wa ya zo wa ya tafi ba.

Ta rasu ta bar mai ita, da taya huɗu masu sauran rai, da safaya, da jak, da fasinjojin Ajingi da suka koma kan jaki.

Za a yi mata sutura ranar Asabar bayan la'asar, a gindin darbejiyar ƙofar gida, inda Kabo zai kwance giyabos ya juye abin da ke ciki a kwano. Kabo ya so a yi aikin a garejinsa, nesa da idon jama'a, Maiwada ya ƙi. Barira, wadda ba a karanta wa wannan takarda ba tukuna, za ta halarta, kuma ko cikin barci ta san ƙanshin manta. Ana roƙon maƙwabta su lallashi Hanne ta zo. An keɓe mata tabarma a gaba, dab da kwanon.