Surukin da Aka Ɗauka Gunduwa-Gunduwa

Wani ne, ba ni ba, don na ga kun fara kallon jakar da ke wuyana. Wani ne can daban, tsayinmu ne kawai ya zo ɗaya.

Mutumin nan yana da kyamara, irin babbar nan da ake cire mata gilashin gaba a ɗaura wani. Shekara uku tana wuyansa, ko sabulu aka aike shi saye da ita yake tafiya. Surukinsa kuwa tsohon direba ne mai bakin tsiya, bai taɓa yarda cewa hoto sana'a ba ce. Ko da yaushe ya zo gidan sai ya ce wa 'yarsa, "Ina mijin naki mai wasa da akwati?" Maganar nan tana ci wa mutumin rai ba kaɗan ba.

Ran nan sai ga dama ta faɗo. Ofishin fansho suka ce tsoho ya kawo sabon hoto ranar Alhamis kafin sha biyu, in ya wuce sai bayan wata uku. Mutumin ya bugi ƙirji.

"Baba, kada ku je ko'ina. Ni zan ɗauke ku. Hoton da sai ma'aikatan sun miƙe tsaye kafin su karɓa."

Tsoho ya ce, "To, Allah ya sa."

Ran Laraba gogan ya dubi tsohon gilashinsa, ya ga bai kai darajar suruki ba. Ya zarce shagon kayan hoto. Mai shago ya jera masa guda uku a kan kanta.

"Wannan na hoton mutane ne. Wannan na hango nesa. Wannan kuma makiro ake ce masa, na ɗaukar ƙananan abubuwa."

"Wanne ya fi nauyi?"

"Makiro."

"Ɗaura min shi."

Mai shago ya ɗaura, ya taɓa wani abu a gefen gilashin, ya ce ya leƙa wani ƙuda da ya sauka a kan kanta. Wayyo! Ga gashin ƙafar ƙuda ɗaya bayan ɗaya, ga shi yana murza hannu kamar mai shirin cin abinci. Nan take mutumin ya yi lissafinsa irin na masu ilimi: abin da ya fito da gashin ƙuda, ina ga an saka masa Baba guda a gaba?

Ya ba da tsohon gilashinsa aka yi musaya. Mai shago ya ce, "Yallaɓai, tsaya, akwai wani ɗan maɓalli a gefe da ya kamata..."

"Malam, shekara uku ina wannan harka."

"Na ji, amma maɓallin..."

"Na san shi. Mun saba."

Wallahi ko ganinsa bai taɓa yi ba.

Alhamis ƙarfe tara tsoho ya iso, riga ta sha guga, gashin baki ya sha gyara. Aka rataya farin zanen gado a ƙofar ɗaki, aka dasa masa kujera. Mutumin ya ja baya taku uku, ya durƙusa irin na ƙwararru, ya leƙa. Babu Baba. Wani abu ne dishi-dishi kamar an zuba madara a ruwa. Gilashin sai kuka yake, zuuu ya fito, zuuu ya koma, ya ƙi kama komai.

Ya matsa taku ɗaya. Shiru.

"Baba, kada ku motsa."

"Ni da na zauna kamar an dasa ni? Kai ne kake ta rarrafe."

Ya ƙara matsawa. Ya ƙara. Sai da bakin gilashin ya kusa taɓa fuskar tsoho, sannan ƙit, abu ya fito tar.

"Kai! Hoto za ka ɗauka ko haƙori za ka cire min?"

Ƙyas! Ya ɗauka. Matarsa ta leƙo bayan kyamara ta ce, "Wannan wane dutse ne mai ramuka haka?"

Ya yi ƙasa da murya. "Hancin Baba ne."

Ta kama baki ta koma kicin, kafaɗunta suna rawa.

Mai hankali a nan zai tsaya ya nemi taimako. Amma sai na... sai ya ce a ransa ai abin mai sauƙi ne: a ɗauki Baba gunduwa-gunduwa, a haɗa shi a kwamfuta. Ya ɗauki ido na dama. Ya ɗauki na hagu. Ya ɗauki kunne, ya fito kamar bakin rijiya har da ciyawa. Gashin baki kaɗai sai da ya ci hoto tara. Tsoho ya yi atishawa a na bakwai, aka sake daga farko.

Ƙarfe goma da rabi ya gama haɗawa, gumi ya jiƙa masa riga. Ya juyo da kwamfutar. Tsoho ya sa tabarau ya daɗe yana kallo.

"Wannan bawan Allah idonsa uku."

"Ɗayan na atishawa ne, Baba, yanzu zan goge."

"Kunnen nan kuma me yake nema a goshi? In na kai musu wannan, ba fansho za su ba ni ba, gado za su ba ni a asibiti."

Sha ɗaya ta buga. Kunya ta kama mutumin kamar ya nutse. Sai ya juye abin ya zama fushi. "An cuce ni ne! Gilashin jabu aka ba ni. Baba, mu je ku gani da idonku yadda zan yi da mai shagon nan."

Suka isa. Tun daga ƙofa ya fara ɗaga murya. Mai shago ya miƙo hannu. Ya karɓi kyamara, ya sa farce ya tura ɗan maɓallin nan na gefe, ƙit. Ya tsayar da tsoho jikin bango, ya ja baya, ƙyas. Ga Baba cikakke, ido biyu, kunnuwa kowanne a mazauninsa. Kafin minti biyar hoto ya fito daga inji.

"Abin da nake son nuna maka ke nan jiya, ka ce kun saba. In maɓallin yana nan, har nesa yake gani. In yana nan, sai abin da ke gaban hancinsa, amma fa ba ya ɓoye komai."

Mutumin ya fara duban silin kamar ya ajiye wani abu a can.

Tsoho ya soke hotonsa a aljihu, ya dubi agogo, ya ga da sauran lokaci. Ya ce, "Ba ya ɓoye komai, ka ce?"

"Ko ƙwayar ƙura, Baba."

"Mayar min da shi na kusa."

Aka mayar. Tsoho ya karɓi kyamara, ya matso har gaban hancin surukinsa, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. Ya sauke, ya girgiza kai.

"Mai shago, naɗe min irinsa guda. Wannan surukin nawa daga nesa na hango shi. Ina da sauran 'ya ɗaya a gida."