Kilishin Inna a Tarkon Irsa

Ko tsufa ya kwashe duk nahawun da na je Alƙahira na haddace, ba na jin zan taɓa mantawa da wata la'asar a saman benen Umm Karim. Har yau in sanyi ya shigo, yatsuna biyu na hannun dama sukan yi tsami, ni kuwa sai in kama dariya ni kaɗai kamar sabon kamu.

Lokacin ina shekara ta huɗu da zuwa karatu, ban taɓa leƙa gida ba. Ni da abokina Bashir, wani ɗan Azare mai bakin tsiya, muna haya a hawa na biyar a unguwar Ainu Shams. Mai gidan, Umm Karim, tsohuwa ce mai faɗa da kirki a haɗe. A saman rufi tana kiwon tantabaru, tana kuma da wani ɗan kare mai suna Bunduk, wanda na rantse ta fi ƙaunarsa a kan wasu jikokinta. Sai wata dabba ta addabe ta. Irsa suke ce mata, siririya kamar ƙaramin tunku, wadda duk wanda ya zauna Alƙahira ya taɓa ganin ta tana gilmawa a ƙarƙashin motoci. Cikin mako guda ta kashe 'yan shila bakwai.

Na hau shanya kaya ne na tarar da tsohuwar riƙe da gawar ɗan shila tana tsine wa irsa har kakanninta. Da na yi mata jaje na sauko, da an wuce wurin. Amma baki shi ke yanka wuya. Na gyara tsayuwa na ce, "Ya Hajja, kwantar da hankalinki. Mahaifina mafarauci ne. A gidan tarko aka haife ni."

Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya duka ba. Baba mafarauci ne, a ƙauyenmu na ƙasar Ningi babu wanda ya kai shi sanin tarkon gafiya da zomo da makwarwa. Sai dai ni ban taɓa ɗana ko na ɓera ba. Tun ranar da 'yan ajinmu suka laƙaba mini "ɗan mai gafiya" na fara jin kunyar sana'arsa. In ya rataya jaka da sassafe ya ce, "Zo mu je ka gani," sai in ce ina da hadda. Ba ya matsa mini, sai ya ce Allah ya ba da sa'a, ya fita shi kaɗai. Sai da na yi nisa da gida wannan fitar tasa shi kaɗai ta fara ci mini rai. Ina jin abin da ya sa na yi wa tsohuwar alkawari ke nan: ina so, ko sau ɗaya, a kira ni ɗan ubana.

Umm Karim ta ce ta yarda, da sharaɗi guda. "Ya ibni, ɗana, ba guba, kuma kada gashin Bunduk ko ɗaya ya taɓu. In tarkonka ya kama shi, ka haɗa littattafanka." Kafin magariba labari ya gama gidan. Daga bakinta zuwa hawa na biyu, Baba ya tashi daga mai kama gafiya ya koma mai kashe zaki da hannu (ban gyara musu ba, Allah ya yafe mini).

Washegari na tafi shagon masu kayan ƙarfe da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mai shago ya baje mini tarkuna iri uku: na keji, na danƙo, da na ƙarfe mai baki, wanda in ya datse sai ka ji ƙararsa a haƙoranka. Na juya su ɗaya bayan ɗaya ina gyaɗa kai kamar gwani. Na danƙo zai manne a ƙafar kare. Na keji, Bunduk zai cusa hanci ya tayar da shi kafin irsa ta zo. Na ɗauki mai baki, sannan dabara ta faɗo mini: na sayi bututun roba irin na magudanar ruwa, tsawonsa kamar hannun mutum, faɗinsa ya yi wa kan kare kaɗan amma irsa za ta shige shi a guje. Na tura tarkon can ciki, na huda bututun na ɗaure shi da waya, na toshe ƙarshen da gwangwani, na kuma ɗaure bututun gaba ɗaya a jikin ƙarfen tankin ruwa don kada kare ya ja shi. Na tsaya ina kallon aikina, na ce lalle barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Saura abin da za a sa a ciki. Ranar farko na sa kan kifi, ƙudaje suka yi biki. Rana ta biyu dafaffen ƙwai, irsa ta wuce shi ta ɗauke ɗan shila na takwas. Rana ta uku hantar kaza, tururuwa suka kwashe ta tas. Bashir kuwa ya samu abin yi. Kullum na sauko sai ya ɗago kai daga littafi ya ce, "Ya Sarkin Dawa, yau zaki nawa? Khalas, ya isa haka, ka kira tsohonka ka tambaye shi mana."

Ba zan iya ba. Da wane ido zan ce wa mutumin da na guje wa shekara da shekaru ya koya mini tarko ta waya? Sai na zauna ina lalubo abin da kunnena ya taɓa tsinta daga bakinsa. Na tuno wata rana yana ce wa wani maƙwabcinmu, dabba da hanci take gani, saboda haka abin da za ka sa mata ya zama mai ƙamshin da ke tafiya. A duk ɗakinmu abu ɗaya ne mai irin wannan ƙamshin.

Wata uku kafin nan wani ɗalibi da ya dawo hutu ya kawo mini saƙon Inna: kilishi, naɗe a cikin takarda, an ɗaure da yagaggen gefen zanenta da na sani. Na ci, na ba Bashir, har ya rage saura ɗan yanki kamar tafin hannu. Wannan na ɓoye a ƙasan akwati. Ba ci nake yi ba. In kewar gida ta taso mini, sai in rufe ƙofa in buɗe takardar in shinshina, in ji tsakar gidanmu, da hayaƙin murhu, da muryar Inna tana korar awaki (namiji mai gemu, ɗalibin shari'a, yana shinshinar takarda, ku dai ku rufa mini asiri). Shi na ɗauka na kai rufi da safe, na cire gwangwani na ajiye shi a bayan tarkon, na mayar na ɗaure. Na ce sunan Baba ya fi kilishi.

Ranar ban fahimci komai a aji ba. Malam yana bayanin gado, ni ina ganin irsa tana lasar yajin Inna. Ana sallame la'asar na hau rufi da sunan duba tarko. Babu abin da ya taɓa shi. Rana ta gasa bututun, ƙamshin ƙuli da citta da kanumfari yana fitowa daga bakinsa kamar ana kirana da sunana.

Nan fa na fara ba wa kaina fatawa. Na ce wannan almubazzaranci ne, kuma an hana. Na ce dabbar Masar ina ta san yaji, ƙila ma shi ya kore ta. Na ce rabi kawai zan gutsuro, rabi ya ishe ta. Kwance wayar gwangwani zai ɗauki lokaci, kuma ai ni na ɗana tarkon, na san inda yake, zan bi ta samansa a hankali. Na duba hagu da dama, na naɗe hannun jallabiya, na kwanta rub da ciki, na zura hannu har kafaɗa. Yatsuna suka taɓa kilishin. Na damƙe shi. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala.

Ƙarar da tarkon ya yi, da wadda ni na yi, ban san wadda ta fi ba. Tantabaru suka tashi gaba ɗaya. Bunduk ya kama haushi yana zagaye ni. Na ja hannu, ina! Tarko ɗaure da bututu, bututu ɗaure da tanki, duk da hannuna na ɗaure su, kuma na ɗaure su da kyau. Sai na ji guɗa tana hawowa daga matakala. Umm Karim ce, tana kiran maƙwabta su zo su ga irsa a hannun ɗan mai kashe zaki.

Guɗar ta tsinke a tsakiya. Ta tsaya a kaina, mata uku a bayanta, wani tsoho kuma ya leƙo daga rufin da ke kallonmu riƙe da kofin shayi. "Ya Shaikh," ta ce, "ka kama ta?"

"Ina dubawa ne, ya Hajja," na ce, kumatuna a kan siminti.

Aka kira Bashir. Ya zo ya durƙusa ya dube ni daga kai har ƙafa, ya ce cikin Hausa, "Tamam. Tarkon nan ya yi, wallahi kare bai shiga ba." Dariya ta hana shi riƙe filaya, sai da ya huta sau biyu kafin ya kwance gwangwanin ya ɓamɓare bakin ƙarfen. Na zaro hannu, yatsu biyu sun kumbura sun yi baƙi, ga kilishi manne a tsakaninsu, ban sake shi ba. Kowa ya gani. Kafin in ɓoye, Bunduk ya yi tsalle ɗaya ya fizge, ya haɗiye ko tauna bai yi ba.

A nan ne hawaye suka zo mini, a gaban mata huɗu. Suka yi ta cewa ma'alish, wato sannu, a kawo ƙanƙara. Umm Karim ce kawai ta gane ba yatsu ba ne. Ta tambayi Bashir mene ne abin, ya ce naman da uwata ta aiko daga gida. Ta kori matan, ta zauna a kan bokiti kusa da ni ta ce, "Shekara nawa ba ka ga uwarka ba?" Na ɗaga yatsu huɗu da hannun da ya rage. Bayan kwana biyu ta sa aka kewaye ɗakin tantabarun da raga mai ƙananan ido, irsa ta koma wani gidan.

Ranar Juma'a na kira gida, na ce a ba ni Baba. Na zayyana masa komai, ban rage ba, har da cewa na ari sunansa na zubar a ƙasar mutane. Ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, ina jin Inna tana tambayar ko lafiya. Rabona da jin wannan dariyar tun ina yaro.

"Bututun nan dabara ce mai kyau," ya ce da ya samu numfashi. "Amma ba a ɗana tarko da abin da ranka yake so. Wannan tun ranar farko ake faɗa wa mutum."

"Ban zo ranar farkon ba, Baba."

"Jakar tana nan a rataye," ya ce. "In ka gama karatun, ka zo mu je ka gani."

Na ce to. Darasin da na samu ke nan a shekarata ta huɗu a Alƙahira, kuma ba a aji na same shi ba: jini ba ya koya wa mutum sana'a, sai ya bi ubansa daji da ƙafarsa. Wanda kuwa ya ƙi, duk ranar da ya ɗana tarko, ya tabbata akwai wanda zai zo ya kwance shi, kuma ya roƙi Allah kada ya zama ɗan Azare.