Tipar Kamfanin Tsayin Daka da Barandar Iyatu

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Tsayin Daka, masu kwangilar gyaran kanal,
Reshen Bunkure.
16 ga Mayu, 2006.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda talaka ke yi wa manya daga bayan gilashi, ina fata sanyin ofis bai yi maka yawa ba. Sunana Muhammadu Sani, manomin tumatur, mai gidan nan na bakin kanal da direbobinka suka mayar wurin juya mota. Takardarka ta iso ni jiya, wadda a ciki ka kira ni ɓarawo da Turanci mai tsafta. An fassara mini. Ga amsa.

Na ɗaya. Wata Laraba cikin Janairu, tiparku ta ja da baya ta daki ginshiƙin da ke riƙe da rufin barandata, ya karkace. Mahaifiyata Iyatu tana zaune a ƙarƙashi. Shekara uku ke nan da ɓarin jikinta ya shanye. Barandar nan ce kasuwarta, ita ce gidan bikinta, a nan mata masu zuwa tsinkar tumatur suke tsayawa su ba ta labarin gari. Direbanku Bilya ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, ai bai faɗi ba," ya ja motarsa. Gaskiya ya faɗa, Allah ya ƙara masa basira.

Na biyu. Na yi ta sintiri ofishinku har mai gadi ya san sunan babur ɗina. Kullum amsa ɗaya: Manaja ya tafi Kano. Ranka ya daɗe, wace Kano ce wannan da ake zuwa ba a dawowa? Kwandunanmu har Legas suke zuwa, su dawo cikin mako.

Na uku. A watan Maris kuka turo injiniya mai farin takalmi. Bai yarda ya shiga ƙarƙashin rufin ba. Daga bakin hanya ya kanne ido ɗaya, ya karkatar da kai, ya ce shi a wurinsa ginshiƙi lafiya ƙalau yake, ƙasarmu ce ta karkace. Iyatu ta ce masa, "Ɗan nan, matso inuwa mana ka sha ruwa." Ya ce yana sauri. Bayan kwana biyu sai ga mai fenti daga wajenku, ya shafe ginshiƙin fari fat. Mun gode. Da yana karkace cikin ƙasƙanci, daga ranar ya koma karkacewa cikin mutunci.

Na huɗu, kuma a nan ba ni da abin dariya. Da gindin ginshiƙin ya tsage har tsagar ta fara shan yatsa biyu, na ɗauke tsohuwa na mayar da ita ɗaki. Kwana arba'in tana kallon bango. Ta rage cin abinci, ta daina tsokanar jikoki. Wata safiya ta riƙe mini hannu ta ce, "Sani, mayar da ni waje. Gara kwano ya danne ni ina ganin mutane." Ko kana da uwa, ranka ya daɗe? Me za ka ce mata?

Na biyar, wanda ya jawo mini sabon suna. Makon jiya da la'asar iskar farkon damina ta taso, rufi ya fara kuka, katakon sama ya zame rabi daga kan ginshiƙi. Maƙwabta suka fito. Malam Jaji mai walda ya ce icce ba zai yi ba, sai ƙarfe mai kauri, kuma yanzu-yanzu. Muka duba gabas da yamma, babu ƙarfe mai kauri sai wanda ke riƙe da allonku na bakin hanya, mai rubutun "Aikinmu Amana". Muka tumɓuke shi. Muka ɗaga katako da jak ɗin tarakta, muka haƙa rami har ƙugu, muka kafa ƙarfen, muka zuba siminti. Kafin magariba rufi ya miƙe. Washegari Iyatu ta koma wurinta, ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari.

Wata huɗu ginshiƙi yana karkace, ba ku gani ba. Allo ya ɓata kwana uku, har an buga takarda da hatimi. Ashe idanun kamfani lafiyarsu ƙalau?

Ka ce in mayar da ƙarfe cikin kwana bakwai ko in ga 'yan sanda. Ban ƙi ba. Allon yana nan, mun rufe bakin rijiya da shi saboda awaki. Ƙarfen kuwa, a iya sanina, shi ne ma'aikacinku na farko da aka ɗora wa nauyi ya riƙe. Idan duk da haka kana son abinka, ka zo da kanka. Za mu shimfiɗa maka tabarma a tsakiyar baranda, ka gaida tsohuwa, mu ɗauke ta mu fita da ita. Sannan ka zare ƙarfenka da hannunka mai albarka, kana daga ciki.

Naka mai biyayya, wanda ko inuwarka ba ya takawa,

Muhammadu Sani,
Gidan Bakin Kanal, Bunkure.