Yadda Muka Kashe Famfon Unguwarmu

Ranar Talata da safe na fita da bokiti biyu zuwa famfon tuƙa-tuƙa na unguwarmu, na tarar an riga ni. Wasu mutane ne cikin kwat. Ɗaya yana auna tsawon famfon da tef, ɗaya yana ɗaukar hoto, na ukun yana gefe yana gyaɗa kai kamar ƙadangare, da alama aikin da aka ba shi ke nan. Na ajiye bokiti na kama hannun famfo, sai mai tef ya ce, "Malam, a hankali, kada ka goge masa fenti. Kayan tarihi ne."

Na ce, "Jiya da yamma dai famfo ne."

Ya ce, "Jiya ba a zaɓe shi ba tukuna."

Haka na koma gida da bokiti biyu cike da iska. Uwar yarana ta leƙa ciki ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Wanne ne na wanka, wanne ne na girki?"

Ga abin da ya faru, mai karatu. Manyanmu, Allah ya ƙara musu hangen nesa, sun yanke shawarar gina mana gidan tarihi na haɗin kan ƙasashen duniya da muradun da duniya ta sa a gaba. An kafa kwamiti. Kwamitin ya zaga ƙasashe ya gano yadda ake yi, ya dawo da tumbi da zane mai kyau. A zanen, kowane muradi da ɗakinsa. Ɗakin kawar da yunwa yana jikin wurin cin abincin manyan baƙi, don ƙamshi ya riƙa shiga. Ɗakin wutar lantarki ga kowa an ware masa janaretonsa daban. Filin ginin kuwa, a yanzu abin da ke cikinsa shinge ne da allo da akuyar maigadi.

Da aka zo kan ɗakin ruwa mai tsabta, sai aka ce a nemo shaidar cewa haɗin kan nan ya taɓa haifar da ɗa mai ido. Aka bi duk famfunan da abokanmu na ƙetare suka kafa mana. Wani tsatsa ta cinye shi. Wani an mai da shi turken jaki. Wani tun ranar da aka yanke masa ƙyalle bai zubo ko ɗigo ba. Namu kaɗai aka samu da rai, saboda makanikin layinmu yana duba shi, matan unguwa kuma suna cin mutuncin duk wanda ya yi lilo da hannunsa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Za a tumɓuke shi, a ajiye a sito, ranar da aka gama gini a sa shi cikin gilashi da fitila a kansa.

A ƙasar da na yi karatu, abin da ya gama aiki ake kaiwa gidan tarihi. Mu nan wanda ke aiki ake kaiwa. Ban ga laifinsu ba. Abin da ido bai saba gani ba ai shi ake adanawa.

Ni in ta kama, zan iya tura baro zuwa unguwar gaba, in dawo ina zage-zage. Maƙwabcina mai wanki da guga ba zai iya ba. Shagonsa yana jikin famfon, da shi yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa da surukarsa mai yawan magana. Na same shi zaune kan tulin kayan mutane ya zabga tagumi.

"Maƙwabci, kai da ka je turai," in ji shi, "idan suka sa shi a gilashin, za a bar mutum ya shiga da jarka?"

Na ce, "Za a bar ka ka shiga da tikiti."

Ya ce, "To ni da me zan wanke wa mutane kaya? Da haɗin kan?"

Da yamma muka taru a ƙofar shagon tela. Wani ya ce mu je ofis mu kai kuka. Wani ya ce mu kwanta a kan titi. Tela ya ce shi bayansa ba zai ɗauki kwalta ba, amma zai ba da goyon baya daga kan keken ɗinki. Baba ɗan fansho, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana zama a kwamitoci irin wannan, ya bari kowa ya gama, sannan ya yi gyaran murya.

"'Ya'yana, in kuka kai kuka, kun tabbatar musu abin yana da daraja, gobe za su zo da mota. Na yi zamani da mutanen nan. Babu abin da ya kai mataccen aiki zaman lafiya a ƙasar nan. Ba mai zuwa kusa da shi, don kada a tambaye shi wa ya kashe."

Makanike ya ce, "Baba, faɗi a taƙaice, ina da mota a buɗe."

Baba ya ce, "Kawo sifana."

Ranar da shugaban kwamitin, Mai Girma Sarkin Almakashi, Uban Ƙyallaye, Garkuwan Zane, zai zo ganin kayan tarihinsa da idonsa, tun da safe kowa ya cika duk abin da ke riƙe ruwa a gidansa, har da butar baƙi. Makanike ya kwance hannun famfon, mai wanki ya tura shi ƙarƙashin teburin guga ya lulluɓe da zanin gadon wani. Muka jeru muna jimami. Tela ya wuce gona da iri, sai da aka ce ya rage shesshekar.

Abu ɗaya muka manta. Mai Girma yana saukowa daga mota, takalminsa ya nutse cikin caɓi. Ya dubi famfo babu hannu, ya dubi ƙasa sharkaf. Ruwa ba ya tsami banza.

"Yanzu-yanzu ake gaya mini wai ya mutu," in ji shi. "Wannan laka fa?"

Mai wanki ya fara karanta duk addu'ar da ya sani. Baba ya matso ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, da muka ji za ka zo, sai muka ce ƙura ba za ta taɓa ƙafar babban mutum a layinmu ba. Har unguwar gaba muka je muka ɗebo muka yayyafa. In ya yi yawa, ƙauna ce ta yi yawa."

Fuskar Mai Girma ta saki. Ya juya ga mutanensa ya ce su koyi tarbiyya daga talakawa. Mai tef ya yi ƙarfin hali ya ce, ranka ya daɗe, ranar Talata fa yana aiki. Mai Girma ya ce, "Yau Talata ce?" Mai gyaɗa kai ya gyaɗa kai, sannan ya gane kuskurensa ya girgiza.

Suka ɗan yi shawara. Mataccen famfo dai akwai irinsa a ƙofar ofishinsu, ba sai an ɗauko daga nesa ba. Can mai hoto ya nuna allon ƙarfen da ke jikin ginin famfon, mai ɗauke da tutocin ƙasashen da suka ba da kyautar. Ya ce a gaskiya shi ne ainihin haɗin kan, famfon ai ƙarfe ne kawai. Kowa ya ce wannan magana haka take. Makanike ya ara musu sifanarsa da hannu biyu. Aka kwance allo, aka naɗe shi da ƙyalle, aka yi mana alkawarin kwamitin da zai binciki musabbabin mutuwar marigayin. Muka ce mun gode, Allah ya bar zumunci.

Yanzu a hukumance ba mu da ruwa. A zahiri mai wanki yana tuƙa famfonsa yana waƙa, igiyoyinsa cike da shanya. Tela ne mai gadi: da ya hango mota mai baƙin gilashi ta karyo kwana sai ya yi fito, a kwance hannu, kowa ya ɓata rai. Shekaranjiya mun yi makoki na banza, ashe ango ne ya ɓata hanya.

Uwar yarana ta ce, "Kai kuma za ka buga a jarida ka tona mana asiri?" Na ce ta kwantar da hankalinta. Manya ba sa karanta shafin da babu hotonsu.